Ranar da Na Raka Inna a Jirgin Kan Katanga

Surukata ta zo Kuala Lumpur ne don wankan jego, da niyyar in an yi arba'in ta koma gida. A lokacin ina karatun digiri na uku a wata jami'a da ke Jalan Semarak, matata kuma tana ɗauke da cikin fari. A al'ada gida ya kamata ta tafi ta haihu a gaban iyayenta, to amma likita ta hana ta doguwar tafiya, sai muka ga ba abin da ya fi Inna ta zo. An sha lallashi kafin ta yarda, domin mace ce da ba ta taɓa wuce Kaduna ba. Ta iso da ƙullin kanwa da garin kunu da daddawa, da kuma maganin hawan jini da ta ƙiyasta zai kai ta har ta koma.

Gidanmu a Chow Kit yake, hawa na huɗu, ɗaki biyu da ɗan falo. A bayan kicin akwai wata 'yar baranda ta shanya, kuma daidai saitinta titin monorel ya wuce. Wanda bai taɓa gani ba, monorel jirgi ne da ba ya tafiya a kan ƙarafa biyu kamar jirgin ƙasan da muka sani. Wani dogon doron siminti ne guda ɗaya aka shimfiɗa a sama, bisa manyan ginshiƙai da aka kakkafa a tsakiyar titi. Faɗinsa bai wuce na darduma ba. Guda biyu ne a jere, ɗaya na tafiya ɗaya na dawowa. Ni kusan kullum ina hawansa, a matse cikin mutane, idona a kan waya. Ban taɓa tsayawa na yi masa kallon kirki ba.

Washegarin zuwanta Inna ta fita shanya, sai muka ji salati.

"Ke! Zo ki ga mota ta hau katanga!"

Matata ce 'yar farinta, don haka ba ta kiran sunanta, sai dai "ke" ko "'yar nan". Ta fita tana dariya, ta ce, "Inna, jirgin ƙasa ne."

"Jirgin ƙasa na san shi, na hau shi tun ina budurwa. Wannan ina ya taɓa ƙasa? Kuma shi ba fiffike ba, balle a ce na sama ne."

Tun daga ranar ta raɗa masa jirgin kan katanga. Ta kuma ce ko da wasa kada wanda ya ce mata ta hau.

Tsakanina da Inna akwai kunya irin ta suruki da suruka, wadda ba a rage mata komai ba. Da safe nakan durƙusa a bakin ƙofar ɗakinta in ce, "Inna, kun tashi lafiya?" Ta amsa tana kallon bango, mayafi ya rufe rabin fuskarta. Ba ta cin abinci a gabana, ni ma ba na ci a gabanta. In tana da magana da ni, sai ta faɗa wa 'yarta, ko da kuwa ina tsaye a wurin. Da farko abin bai yi mana wuya ba, saboda ina fita da sassafe, sai bayan isha'i nake dawowa. Da aka haifi yarinyarmu ma, aikina shi ne in hau monorel har kusan ƙarshen layi, unguwar Indiyawa, in sayo ganyen darbejiya na wanka. A wajensu kaɗai ake samu.

Jaririyar ba ta yi wata guda ba aka sa dokar kulle saboda korona. Aka rufe jami'a da masallatai da kasuwanni, aka tsayar da jiragen sama. Ranar komawar Inna ta zo ta wuce ba wanda ya ma ambace ta. Muka wayi gari mu uku da jaririya a gidan da in ka yi tari a kicin za a ji a kowane ɗaki. Inna ta bar mini falo don kada ta takura ni, ni kuma na bar mata don kada in takura ta. Haka falon ya zauna ba kowa, fanka tana ta juyawa ita kaɗai. Na koma ɗaki da kwamfutata, ita kuma ta ɗauki darduma da carbi ta tare a barandar shanya. In an gama wanka sai ta karɓi jikarta ta ɗora a cinya, ta zauna har rana ta juya.

Wanda ya san Chow Kit ya san hayaniyarta: masu kifi, masu babur, masu kiran ciniki da yare kala-kala. Duk wannan ya ɗauke ɗif. Abin da ya rage sai kukan hankaki, da jiniyar motar asibiti daga nesa, da kuma jirgin. An rage masa lokaci, yana aiki da safe, ya huta da rana, ya dawo da yamma. Yana wucewa da fitilunsa a kunne, tagoginsa tas, ba kowa a ciki sai mutum ɗaya ko biyu.

Daga nan tambayoyi suka fara zuwa mini ta bakin matata.

"Inna ta ce a tambaye ka, wa yake ɗauka tunda an hana fita?"

Na ce ma'aikatan asibiti ne, da masu shara, da masu aiki a kantunan abinci. Aka kai amsa. Ba a jima ba ta dawo.

"Ta ce ina ƙafafunsa?"

Na ce suna ƙasansa mana. Aka dawo mini da cewa Inna ta duba ƙasan da kyau, ba ta ga taya ko ɗaya ba. Kuma me ke hana shi zamewa ya faɗo a kan mutane? Gaskiya ban sani ba. Na bincika a waya, na karanta cewa tayoyin roba ne a ɓoye, wasu suna birgima a saman simintin, wasu sun matse shi ta gefe da gefe. Na yi wa matata bayani tana shayarwa tana gyangyaɗi. Kafin bayanin ya isa baranda ya rikice, sai aka aiko mini cewa Inna ta ce to, Allah Ya tsare.

Wata safiya ina zaune a gaban kwamfuta, na kasa rubuta ko layi ɗaya, sai na ji muryarta. Ba 'yarta take kira ba.

"Malam! Malam, zo da sauri!"

Na tashi a firgice, na ɗauka jaririyar ce. Na tarar da ita tsaye ta kama ƙarfen baranda, mayafinta ya zame kafaɗa ba ta ma lura ba. Jirgin yana tahowa a hankali saboda ya kusa tasha. Ta nuna gilashin gaba da carbin da ke hannunta.

"Mace ce ke jan sa. Dubi, da hijabinta."

Na duba. Yarinya ce kuwa, da farin hijabi da takunkumi, ta miƙe zaune ita kaɗai a gaban wannan ƙaton abu. Ta wuce mu dab, har muna ganin hannunta a kan abin tuƙi. Muka bi jirgin da ido har ya shige tsakanin benaye. Sai a lokacin Inna ta tuna da wa take tsaye. Ta ja mayafinta, ta ce, "Ikon Allah," ta koma kan dardumarta. Ni ma na koma ɗaki. Wannan ce magana ta farko da ta taɓa yi mini kai tsaye, ban da gaisuwa.

Ashe duk kwanakin nan maganinta ya ƙare, ta yi shiru don kada ta ɗora mana nauyi. Matata ce ta lura ƙafafunta sun kumbura, kuma tana yawan ɗaure kai da ɗankwali. Ta bincika jakarta ta tarar da kwalin maganin ba komai a ciki. Ƙaramin asibitin da ke unguwarmu a rufe yake. Na buga waya asibitin da matata ta yi awo, can wajen Imbi, suka ce in kawo ta da yamma. Matata ba ta da halin fita da ɗanyen goyo a irin wannan lokaci, don haka rakiyar ta faɗo kaina. Na ce bari in nemi tasi.

Daga bayan labule Inna ta ce, "In dai fitar ta zama dole, a jirgin nan za mu."

Matata ta ce, "Inna, ke da kika ce ko da wasa?"

"Na ce. Yanzu kuma ga abin da na ce. Mota a rufe take ruf, ban san wa ya sauka a cikinta ba. Wannan kuwa kullum ina kallonsa, ba kowa. Kuma 'yar mutane tana jan sa safe da yamma, ban ga ta faɗo ba."

Bayan la'asar muka fita, kowa da takunkumi. Ina gaba, tana bina a baya da 'yar tazara. Rabon Inna da taka ƙasa tun ranar da aka sallamo 'yarta daga asibiti. Shaguna duk an ja musu ƙofofin ƙarfe, kyanwoyi sun baje a tsakiyar titi. A mahaɗar hanya akwai rumfa, ɗan sanda da soja suna zaune. Ɗan sandan ya ɗaga mana hannu. Na nuna masa kwalin maganin da babu komai, na nuna ƙafar Inna. Ya dube ta, ya ce, "Boleh, boleh," wato ba laifi mu wuce. Sannan ya ƙara da cewa in kula da mahaifiyata. Ban gyara masa ba.

Muna isa gindin tashar wani jirgi ya taho ta samanmu. Inna ta tsaya cak ta ɗaga kai. Daga baranda gefensa kawai take gani, yanzu kuwa ga cikinsa a kanmu. Ni ma na ɗaga kai. Jikin jirgin ya sauko ta dama da hagu ya rungume simintin, kamar mutum ya hau reshe ya matse shi da cinyoyinsa. Ba wata ƙara irin ta ƙarfe a kan ƙarfe, sai wani gurnani mai taushi da kake ji a ƙirjinka. Inuwarsa ta bi ta kanmu ta wuce.

"Ashe mangala ce," in ji Inna. "Yadda ake ɗora wa jaki, rabi nan rabi can. Shi ya sa ba ya faɗowa."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Hawan matattakala ya ba ta wuya. Tana hawa tana hutawa, ni kuma ba halin in kama hannunta, sai dai in tsaya a sama ina cewa sannu. A bakin shiga wani ma'aikaci ya ɗago na'urar auna zafin jiki ya saita ta a goshinta. Ta ja baya da sauri, domin abin ya yi kama da bindiga. Na miƙa nawa goshin aka fara aunawa, sannan ta yarda. Na saya mata ɗan shuɗin kwabon roba da ake shiga da shi, ta juya shi a hannu, ta ƙulle a bakin mayafi.

A kan dandalin jira ba kowa sai mu. Ta matsa kusa da shinge ta leƙa. A tashar jirgin ƙasa in ka leƙa za ka ga tsakuwa da katako. Nan kuwa doron siminti ne kawai a miƙe, ta gefensa kana hango titi can ƙasa, da fararen layukansa. Ta ja da baya tana motsa baki.

Jirgin ya zo, ƙofofi suka buɗe da kansu, sanyi ya bugo mu. Inna ta yi bisimilla ta shiga da ƙafar dama. An manna jan tambari a kan kujeru, a zauna a ɗaya a tsallake ɗaya. Wannan bai dame mu ba, don ko ba doka haka za mu zauna. Mutum biyu muka tarar: wata ma'aikaciyar jinya da ta jingina kai da gilashi tana barci, da wani tsoho Ba'indiye riƙe da leda. Mun shiga ta farkon jirgin, ga gilashi tsakaninmu da direba, ga wani gilashin a gabansa. Wannan karon namiji ne. Ta kafaɗarsa kana ganin hanya gaba ɗaya.

Da muka tashi, sai na kafa ido a gilashin gaba. Sau nawa na hau jirgin nan, amma kullum bayan wani nake kallo ko allon wayata. Yau ga hanyar a gabana, siririya kamar zare, ba shinge, ba komai dama da hagu sai iska. Tana miƙewa ta lanƙwasa ta kutsa tsakanin benaye, mu kuma muna binta kamar ana jan mu da igiya. Da ƙyar hankali ke yarda cewa wannan ɗan siririn abu shi ke ɗauke da mu.

Ba mu yi nisa ba Inna ta ce, "Ga gidanmu!"

Ga barandarmu kuwa, ga zannuwan jariri a kan igiya, ga matata tsaye ta ɗaga yarinyar sama tana juya ɗan hannunta. Inna ta manna tafinta a gilashi. Kafin ta ce wani abu mun wuce. Ta daɗe tana waige.

"Ashe haka suke ganina," ta ce. "Tsohuwa a cikin keji."

Daga nan muka shiga tsakiyar gari. Manyan titunan da na sani a cushe, inda mota kan yi rabin sa'a ba ta motsa ba, suna kwance fayau. Fitilun hanya suna ba da ja, suna ba da kore, ba wanda suke tsayarwa. Muna wucewa dab da tagogin mutane: wani yana motsa jiki a falo, wata tana ninke kaya, wasu yara sun manna fuska a gilashi suna ɗaga mana hannu. Inna ta ɗaga musu. A Bukit Nanas, inda wani ɗan kurmi ya rage a tsakiyar birni, birai sun sauko sun jeru a kan shingen titi, har da mai goyo. Ta bayan kurmin doguwar hasumiyar garin ta soke gajimare. Can ta wani tsagi tsakanin gine-gine tagwayen benayen nan da garin ya yi suna da su suka bayyana, rana ta doke su suna ƙyalli kamar an wanke da toka, sannan wani bene ya tare su.

Sai muka iso wata babbar kwana. A irin wannan wuri simintin da kansa a karkace aka gina shi, don haka jirgin ya kwanta gefe guda. Tagar da ke kusa da Inna ta koma tana kallon ƙasa, ga titi can a ƙarƙashinta ba abin da ya raba su sai gilashi. Ta miƙo hannu ta tsallake kujerar da ke tsakaninmu, ta damƙe hannun rigata.

"La'ilaha illallahu! Malam, ya rinjaya!"

"Ba komai, Inna, haka yake yi. Yanzu zai miƙe."

Ni kaina na riƙe ƙarfe da ɗaya hannun. Jirgin ya zagaye kwanar a hankali, ya miƙe. Ta saki rigata, ta gyara mayafi, ta mai da ido ga taga. Ni ma na kalli wani wajen. Daga ni har ita ba wanda ya taɓa tayar da wannan magana, ko ga matata.

A Bukit Bintang, inda a da ko ƙafa ba ka samun wurin sawa, manyan allunan talla masu tsawon bene suna ta haskawa. Wata ƙatuwar fuska tana murmushi, tana nuna agogo ga dandalin da babu kowa sai wani mai shara. Inna ta tambaya ko mutanen garin duk suna nan. Na ce suna nan, suna cikin gidaje. Sai ta ce, "Duk wannan gini, duk wannan dabara, abin da ido ba ya gani ya kora kowa ɗaki. Allah mai iko." Ba ta faɗa da tsoro ba. Ta faɗa ne yadda mutum ke faɗa in ya tsaya a bakin babban kogi.

A asibiti ba mu daɗe ba. Likitar ta auna ta, ta yi mata faɗa ta bakina kan barin magani, ni kuma na sassauta faɗan kafin in mayar da shi Hausa. Aka ba mu magani, aka ce ta rage gishiri da kanwa. Da muka fito gabas ta haɗe, hadari ya yi baƙi ƙirin.

Muna shiga jirgin dawowa Inna ta leƙa gilashin gaba, ta juyo da sauri.

"Ita ce."

Farin hijabi ne da takunkumi, kamar na mata da yawa a garin. Na ce ƙila wata ce. Ta ce a'a, ta gane zamanta. Wannan karon ba ta nemi kujera ba. Ta tsaya a bayan gilashin ta kama ƙarfe, duk da kumburin ƙafa.

Mun bar Bukit Bintang kenan muka hango ruwan yana tahowa. A tsaye yake kamar farin labule, yana haɗiye benaye ɗaya bayan ɗaya. Hanyarmu ta miƙe ta shige cikinsa ta ɓace. Yarinyar ba ta ko gyara zama ba, ta kunna abin share gilashi, muka kutsa. Nan take duniya ta ɓace. Ba titi a ƙasa, ba gini a gefe, sai ruwa yana dukan rufi kamar ana zuba tsakuwa, da ɗan guntun siminti da ke fitowa a gabanmu daidai yadda za mu taka. Walƙiya ta haska, na ga benaye sun fito farare sun koma. Tsawa ta biyo baya har ƙarfen da na riƙe ya yi rawa. Na saci kallon Inna ina tsammanin ta rufe ido. Idonta a buɗe yake tar, tana tasbihi a hankali, fuskarta kamar ta yarinyar da aka kai kallon wasa. Ni ma na tsinci bakina yana bin nata.

Da muka kusa Chow Kit ruwan ya tsagaita. Na ce, "Inna, mun iso."

Ba ta motsa ba. "Ina yake ƙarewa?"

"Tasha ɗaya ce ta rage, Titiwangsa."

"To mu ga ƙarshensa. In ya kai can yaya yake juyowa, tunda ba fili?"

Wannan ma ban sani ba. Muka zarce.

A Titiwangsa kowa ya sauka, mu ma muka fito kan dandali. Iska mai sanyi tana kaɗawa, ruwa yana ɗiga daga rufi. Ashe jirgin ba ya juyawa. Kai biyu gare shi, direba ce ke barin wannan ta koma wancan. Ta fito ta kulle ƙofarta, ta taho ta gabanmu da 'yar jakarta a kafaɗa. A tsaye ba ta kai Inna tsawo ba. Inna ta tare ta daga nesa kaɗan.

"Sannu da aiki, 'yar nan. Sannu da ƙoƙari."

Yarinyar ta tsaya tana dubana. Na haɗa Turanci da ɗan Malayancin da na iya, na ce mahaifiyarmu ce, kullum tana kallonta daga baranda. Idanunta suka nuna ta yi murmushi. Ta ɗora hannu a ƙirji ta ɗan rusuna, ta kira ta Makcik, wato gwaggo, ta yi godiya. Sai Inna ta ɗaga hannu biyu ta shiga yi mata addu'a da Hausa: Allah Ya tsare ta hawa da sauka, Ya kare ta daga wannan cuta, Ya yi wa iyayenta albarka. Na buɗe baki zan fassara, sai na ga ba bukata. Yarinyar ta ɗaga nata hannuwan, duk inda Inna ta tsaya sai ta ce amin. Suka shafa tare. Ta duba agogo, ta yi mana alama mu biyo ta ɗaya kan, mu shiga.

Muka tsaya a bayan gilashinta. Jirgin bai tashi ba tukuna. Ta ɗan juyo ta nuna mana gaba da yatsa. Wata ƙararrawa ta fara kaɗawa. Sai wani dogon yanki na hanyar, wannan simintin da na ɗauka a kafe yake har abada, ya motsa. Ya rabu da layin da muka zo a kai, ya tafi gefe a hankali, a sararin sama, ruwa yana zuba daga jikinsa, har bakinsa ya haɗu da ɗaya layin ya zauna daram. Ƙararrawar ta yi shiru.

"Malam," in ji Inna da ƙaramar murya, "hanyar ce ta tashi ta koma can?"

"Ita ce, Inna."

"Ka taɓa gani?"

"Wallahi yau na fara."

Muka hau kan yankin da ya motsa ɗin, ya ɗauke mu kamar bai taɓa gusawa ba. Yamma ta washe, rana ta fito ja ta ƙarƙashin gajimare, titunan da ruwa ya wanke suka ɗauki launinta. Muna sauka a Chow Kit aka fara kiran magariba. Masallatai a rufe suke, amma ladanai ba su daina kira ba, sai dai a ƙarshe su ce kowa ya yi salla a gidansa. Da yake ba ƙarar mota, muna jin kiran daga kusa da nesa, wani na bin wani. Inna ta tsaya a kan matattakala har aka gama. A bakin fita ta kwance ɗan kwabon dawowa ta jefa a ramin na'ura, tana cewa da sun bar mata shi.

A gida muka wanke hannu, muka sauya kaya kafin mu taɓa jaririya. Matata ta tambayi abin da likita ta ce. Inna ta ce, "An ba da magani," ta shiga ba ta labarin birai da ruwa da hanyar da ke tashi. In ta manta wani abu sai ta ɗaga murya ta ce, "Malam, me sunan wajen nan mai alluna?" Ina ɗaki ina amsawa.

Inna ta yi azumi da mu, ta yi sallah ƙarama da babba. Kumburin ya saɓe. Sai da jikarta ta fara rarrafe sannan aka samu jirgin da ya mai da ita gida.

Bayan ta koma da 'yan makonni ta aiko mini da saƙon murya, ni da kaina. Bayan doguwar gaisuwa ta ce matan unguwa sun ƙi yarda. Sun yarda da dogayen benaye, sun yarda da birai, har da mace direba wasu sun yarda. Amma hanya ta tashi da kanta ta koma gefe, sun ce Inna ta ƙara gishiri. Wai in taimaka in ɗauko mata hoto mai motsi.

Washegari na tafi Titiwangsa. Mutane sun fara dawowa, sai da na bari jirgi biyu suka wuce kafin in samu wuri a bayan gilashi. Na ɗauka tun daga ƙararrawa har haɗuwar simintin, na tura mata. Da yamma amsa ta zo, ina jin hayaniyar mata da salati a bayanta.

"Ya iso, Malam, Allah Ya yi albarka. Ga su nan suna ta karɓa hannu-hannu. Sai dai a waya ya fito ƙarami. Na gaya musu a ido ya fi haka nesa ba kusa ba."